Ki fara da buhun ƙyallen tela, ƙanwata

Wata ƙanwata da ke Sabon Gari a nan Damagaram ta rubuto mini tana cewa: "Yaya, ina ganin mata a salula suna ɗinkin hannu, furanni a rigar matashi, wasu kuma suna haɗa ƙyalle-ƙyalle su yi bargo. Abin ya shiga raina, ina so in koya don in na taso daga aiki ba ni da abin yi sai kallon waya. Amma an ce mini kayan aikin sai an yi odar su daga waje. Ta ina zan fara, kuma nawa zan tanada?"

To ƙanwata, wanda ya ce miki sai an yi oda, ko dai bai san aikin ba ko kuma shi ne mai yin odar. Ni yau shekara ashirin da wani abu ina riƙe da allura, a Birni na tashi, babanmu Allah ya jiƙan shi aikin wuyan riga da hula ya ci da mu da shi, kuma har ya bar duniya kayan aikinshi kaf gwangwanin madara guda suke cikawa: allura uku ko huɗu soke a guntun tsumma, almakashi ƙarami, zare, da wata ƴar fata da wani baduku ya yanka mishi yana sawa a yatsa don kar gindin allura ya huda shi. Shi ke nan. Da su yake fitar da aska takwas da tambari a babbar riga wadda in mutum ya sa ranar salla sai an waiwaya an sake kallo.

Ina so ki fara cire ma ranki cewa wannan abin na Turawa ne mu muke aro. Surfani namu ne tun kaka da kakanni. Babbar riga ta da, malami ne ke zana ta da tawada da alƙalami, sannan mai ɗinki ya bi zanen da allura wata da watanni, askaken nan masu tsini suna saukowa a gefen aljihu, tambari kuma a ƙirji ɗaya gefen da kuma baya, ga dagi, ga gida-gida. Zaren tsamiya da kike ji, ai silikin daji ne, wata tsutsa ke saƙa gidanta da shi a dafa a kaɗa, alharini kuma ta hamada ayari ke kawo shi daga wajen Tarabulus, kuma Damagaram tana kan hanyar nan ta Kano zuwa Agadas, ba a bayan gari muke ba. In an gama a kai wa mabuga su buge ta har ta yi sheƙi. Shi kuma bargon da kika gani, wato a shimfiɗa yadi, a sa abu mai laushi a tsakiya, a rufe da wani yadin a bi da ɗinki ya ratsa duka ukun, ai shi ne lifidi. In kin taɓa ganin ƴan lifidi a hawan salla, doki da mahayi duk sun sha rigar nan mai kauri launi-launi, to wannan ɗinkin ne, audugar rimi ake cusawa ciki don kibiya da takobi kar su samu jiki. Mazan jiya sun yi shi don yaƙi, ke za ki yi shi don ɗarin Janairu, amma hannun guda ne.

Ban ce kar ki kalli na waje ba fa, ni ma ina kallo. Matan Bangaladash da Bengal ta Indiya suna da wani da suke ce ma kanta, tsofaffin zannuwansu suke jerawa biyu uku su bi da ɗinki ƙanana har ya zama mayafi, kuma wallahi shi ya fi dacewa da mu fiye da mai kaurin nan na Amurka. A Amurkar ma waɗanda suka fi burge ni wasu baƙaƙen mata ne na wani ƙauye Gee's Bend a jihar Alabama, talakawa ne, tsofaffin wandunan aikin gona na mazajensu suke farkewa su haɗa, yau ga shi ana rataye aikinsu a gidajen tarihi. Kin ga a wuraren nan biyu abin daga tsumma ya fara.

Yanzu kayan aiki. Ki je wajen telan da ke miki ɗinki ki ce ya riƙa tara miki ragowar yanka, yawancinsu sharewa suke su zubar ko yara su kwashe su yi ƴar tsana, kafin salla kuwa buhu za ki samu. Sai ki shiga kasuwar Dole wajen masu kayan tela ki sayi takardar allura mai girma daban-daban, almakashi ƙarami mai kaifin baki wanda ba za ki bari kowa ya yanka kwali ko farce da shi ba (ɓoye shi, ina gaya miki, yaran gida ba su da tausayi), da zare kala huɗu ko biyar, da farin yadi na auduga mita guda. Jika biyu, wato sefa 2,000, in kin yi ciniki ta ishe ki farawa har ki hau kabu-kabu ki dawo. Lambar allura kuma a juye take, in lamba ta yi sama allurar ta ƙara siranta, don haka lamba 9 ta fi lamba 5 siriri, ke dai nemi wajen 7 mai dogon ido wadda zare zai shiga ba faɗa.

Zancen zoben nan na katako da ake ɗame yadi a ciki, yana da amfani ga mai koyo, don yana hana yadi tattarewa, in kin samu saya, ba tsada ne da shi ba. In ba ki samu ba kar ya tsayar da ke. Masu aikin riga na zaure ba su san shi ba, a gwiwa da yatsu suke ɗame yadin. Ni nawa na farko bakin tsohuwar rariya ne da ragar ta mutu, na ɗora yadi na ɗaure da robar tayar keke, na yi shekara biyu da shi.

Zare shi ne inda zan daɗe, don nan ne ake kuka. Wanda aka fi sani a duniya shi ne DMC, kamfanin Faransa ne na garin Mulhouse, ƙulli guda mita 8 ne kuma sili shida ne aka murɗe tare, kowace kala da lambarta, baƙi 310, ja 321, don in ya ƙare miki a tsakar aiki ki nemo irinshi sak. Amma kasuwa cike take da masu kama da shi, takarda iri ɗaya, kala har ta fi haske, kuma ba duka ne marasa kyau ba, sai dai ba ki sani sai kin gwada. Gwajin ba wuya: yanki ɗan guntu, jiƙa shi da ruwa da ɗan sabulu, matse shi cikin farin ƙyalle ki bar shi ya kwana. In da safe kin ga ƙyallen ya ɗauki launi, ki ba yara su yi wasa da shi. Ja da shuɗi mai duhu da kore su suka fi zuba. Ni na koyi wannan da hawaye, lokacin bikin wata ɗiyar yayata na yi mata rigunan matashi huɗu, fari tas da jajayen furanni, kusan wata biyu ina kansu, zaren na saye shi a wani shago mai shagon har da rantsuwa ba ya zuba. Ana saura kwana uku kai kaya na ce bari in ɗauraye su saboda dattin hannu, ina tsomawa ruwan ya koma kamar an jiƙa zoɓo. Na zauna bakin bahon nan na rasa kuka zan yi ko dariya, ƙarshe duka huɗun rina su na yi suka koma ruwan hoda aka kai a haka, amarya har yau tana tsammani da gangan ne.

Kuma ba a ɗinki da silin shida gaba ɗaya sai in aiki mai kauri kike so. Ki yanki zare kamu guda, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, kar ki wuce haka, sannan ki zare sili ɗaya-ɗaya ki haɗa biyu ko uku. Masu koyo suna son dogon zare don ƙyuyar sake zurawa, sai ya yi ta ƙullewa yana gashi, rabin lokacinki ya tafi wajen warware ƙulli kina tsaki.

Ɗinkin kanshi, kar bidiyon nan masu cewa kala ɗari su ruɗe ki. Huɗu kike buƙata kuma da su za ki yi shekara ba ki gaji ba. Akwai na shiga da fita, allura ta nutse ta ɓullo ta nutse ta ɓullo a layi, shi ne uban duka kuma shi ne na bargo. Akwai na komawa baya, ki ɓullo gaba ki dawo ki soka inda na baya ya tsaya, layin ya fito ba yankewa kamar na keke, da shi ake rubutu da kara na fure kuma da shi ake haɗa ƙyalle ya yi ƙarfi. Akwai sarƙa, ki ɓullo, ki mayar da allura ramin da ta fito, ki bar ɗan hanko ki ɓullo cikinshi, haka haka har ta zama sarƙa, wannan in hannunki ya faɗa da ita kin rabu da wahala don tana lanƙwasa yadda kike so, tana zagaye tambari tana cike fili. Sai ciko, zare kwance kusa da zare har yadin ya ɓace, shi ne mai sheƙin nan da ke sa ganye ya yi kamar ganye, kuma shi ya fi tona asiri, don in kin ja da ƙarfi yadi ya tattare, in kin saki ya yi lako-lako. Kar ki yi ciko mai faɗin da ya wuce santimita guda, in wurin ya fi haka raba shi biyu. Na biyar in kin so shi ne ɗaurin baki irin na ƙofar maɓalli, da shi ake ƴan hujin nan da kike gani a babbar riga kamar idon zakara, amma bar shi sai gaba.

Abin da babanmu ya yi mini, kuma shi nake yi ma duk wadda ta zo koyo, shi ne ya ja layi goma a farin ƙyalle ya ce in bi su da shiga da fita, ba fure ba komai. Na kawo mishi ina murna, bai ma kalli gaban ba, ya juya bayan ya ɗaga a hasken ƙofar zaure, ya ce "wannan tafiyar ɗan maye ce, wani taku dogo wani gajere," ya miƙo mini allura ya ce warware. Sau uku ina warwarewa, na yi fushi na ƙi cin tuwo. Abin da yake nema kawai tsawon kowane ɗinki ya zama daidai da ɗan'uwanshi, kamar ƙwayar shinkafa, kuma jan zaren ya zama ɗaya. Duk kyan surfani a nan yake, ba a tsadar zare ba, ba a yawan kala ba. Mace mai zaren dala ashirin, wato sefa 100, da hannu daidai ta fi mai DMC akwati guda da hannu na rawa, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Zane kuma, ki yi shi da fensir mai laushi a farin yadi, a mai duhu kuma allin tela ko ɗan siririn ragowar sabulu. Biro kam a'a, ba ya fita. In kin ga zane a takarda kina so, manna shi a gilashin taga da rana ki ɗora yadin a kai ki bi. Kuma don Allah kafin ki kwafi furen wardi na Turawa ki ɗaga kai ki kalli bangayen gidajen Birni da Zango, zanen da magina suka yi a fuskar gidajen nan, dagi da zagaye da layi mai karyewa, duk abin ɗinkawa ne, ga na dukawa a jikin jaka da matashin fata, ga na ƙwarya, ga na lalle da ke hannunki. Af, lalle: in kin ƙunsa sabo ki bar farin aiki kwana biyu, haka man shafawa, haka in kin taɓa miya. Watan Afrilu da Mayu kuma gumin hannu kaɗai ya isa ya mayar da fari ruwan ƙasa, ki aje jiƙaƙƙen tsumma kusa kina goge hannu, in kin tashi ki nannaɗe aikin cikin tsohon zane saboda ƙura.

Mu dawo kan bargo. Na farko ki yi na yaro, kar ki ɗauko na gadon amarya ki gaji a hanya ki tsani abin. Ki ware ƙyallen, auduga da auduga, wato atamfa da shadda da yadin auduga waje guda, masu santsi da leshi da masu roba ki fitar da su, don ba sa ja tare kuma guga na ƙona su. Ki wanke su duka kafin ki yanka, na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, amma baho guda ya isa, dalili sabuwar atamfa tana shan ruwa ta ɗan tsuke tsohuwa kuma ta riga ta gama tsukewa, in kin haɗa su ba wanki ranar wankin farko bargon zai murguɗe. Ita shadda mai maiƙon nan, irin gezna, sai kin wanke ta sosai ta saki, in ba haka ba allura ba ta shiga sai yatsa ya yi jini.

Ki yanki kwali murabba'i santimita 12 kowane gefe, shi ne ma'auninki, ki ɗora kan ƙyalle ki zana ki yanka. Santimita guda kowane gefe na ɗinki ne, kenan in an haɗa kowane gida zai tsaya 10. Gida goma a faɗi, goma sha biyu a tsawo, 120 kenan, zai ba ki bargo mita guda da mita guda da santimita 20, ya ishi yaro har ya shiga lakwal. Kafin ki ɗinka ko ɗaya ki shimfiɗa tabarma ki jera su duka a ƙasa ki koma nesa ki kalla, ki yi ta canza musu wuri. Atamfofinmu suna da surutu, kowace tana son a ji ta, in kin jera su kusa da kusa ido ba ya samun wurin hutawa, shi ya sa nake sa gida guda mai zane, guda maras zane, fari ko baƙi ko shuɗi, sai ki ga atamfar ta fito. Wata dabara, ɗauki hoton jerin da salula ki mayar da shi baƙi da fari, nan take za ki ga inda duhu ya taru waje guda.

Haɗawa da ɗinkin komawa baya, fuska da fuska, gida-gida har layi ya cika, sannan layi da layi, kina guga bayan kowane layi kina kwantar da bakin ɗinkin gefe guda. In kina da keke ki haɗa da keke ba laifi ba ne, ni ma yanzu haka nake, hannun na aje shi don ɗinkin sama. Na tsakiya kuma, kar ki ce za ki bi ƴan lifidi ki sa audugar rimi, tana da santsi, tana guduwa ta taru kusurwa guda, ba ta son wanki kuma wuta na kama ta da sauri. Tsohon zane mai laushi ninki biyu, ko siririn tsohon bargo da ya gaji, ya fi miki, ɗarinmu na wata biyu zuwa uku ne, abin da ya fi wannan kauri sai dai ya zauna cikin akwati. Ki shimfiɗa na baya fuska ƙasa, na tsakiya, sannan na sama, ki kafe su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa baki, kuma na baya da na tsakiya su ɗan fi na sama faɗi don ɗinki yana cin yadi. Sai ki zauna ki fara shiga da fita, kullum daga tsakiya kina fita waje, tsakanin layi da layi kar ya wuce faɗin yatsu huɗu. Nan ne daɗin abin yake wallahi, bargon na kan cinyarki, rediyo na yi, allura na ɗaukar ɗinki uku huɗu a tafiya guda, ba ki san sanda la'asar ta yi ba. In kin gama ki datse bakin ya daidaita ki naɗe shi da dogon ƙyalle ki daje.

Idonki kuma ki kula da shi, aikin nan da hasken rana ake yin shi, hantsi ko bayan la'asar a inuwa. Ɗinki da fitilar salula in wuta ta ɗauke, musamman baƙin zare a baƙin yadi, yana gajiyar da ido sosai, ni ga ni da tabarau tun ban kai arba'in ba. Ki riƙa ɗaga kai kina kallon nesa, ki miƙe ki taka in kin yi rabin awa.

Saura magana guda da ba ki tambaya ba amma na san tana zuwa, don kina gama matashi na farko wata za ta ce "kai, ki riƙa sayarwa mana." Ni shawarata kar ki yi gaggawa. Ki lissafa, rigar matashi guda mai aiki sosai tana cin awa goma sha biyar ko fi, mai saye kuma za ta gwada miki kuɗin na kwamfuta da ake bugawa cikin minti kaɗan, ta taya dala ɗari uku, wato sefa 1,500, tana ganin ta yi miki alheri. Abin da ya karya masu aikin wuya irin su babanmu kenan, keken surfani ya zo, bayanshi na kwamfuta ya zo, masu sanin darajar na hannu suka ragu sai sarakai da ƴan tsirarun masu kuɗi da masu son hula ta gaske. Ke kin ce don hutun rai kike so bayan aiki, to ranar da kika karɓi kuɗin wata da alkawalin ranar biki, hutun ya ƙare, kin koma tela mai ɓuya in an ƙwanƙwasa ƙofa. Ki yi shekara guda kina yi ma kanki da ƴan'uwa, goyon suna, kayan ɗaki, in bayan nan hannunki ya nuna kuma kina so, sai ki sa kuɗin da ya dace da awoyinki, wadda ta ga ya yi tsada ga na kwamfuta can.

Wannan satin dai abin da za ki yi kaɗan ne: ki yi ma tela magana, ki sayo allura da zare ki jiƙa guntayensu su kwana, ki ja layi goma a farin ƙyalle ki bi su da shiga da fita. In kin gama ki turo mini hoto, amma na bayan ƙyallen nake so, ba gaban ba.